Ranar da Na Wanke Itacen Murhu

Gidan da muka koma a Summerfield, nan Amurka, ba shi da hita mai aiki. Akwai ta a bango, amma tsohuwar da ta ba mu haya ta ce ta daɗe da mutuwa, murhun falo ne ke ɗumama gidan. Baturiya ce, ita kaɗai take zaune a babban gidan da ke gaba, tana da dawakai huɗu a bayan shinge. Namu ƙarami ne, ɗaki biyu da falo, can ƙarshen filin.

Saboda 'yata muka taso. A da muna wani bene ne a cikin birnin Greensboro, bayan titin Gate City Boulevard, kusa da kantin da muke sayen manja da daddawa. Bangon banɗakinmu yana tsatsafar ruwa, har ya yi baƙi, ita kuma yarinyar tun tana wata takwas take tari. In ta ja numfashi sai ka ji wani siririn fito a ƙirjinta. Likita ta ce asma ce. Ta ba mu abin shaƙa safe da yamma, ta ce a raba ta da danshi da ƙura da hayaƙi. Maigidana ne ya fassara min, don turancina na gaisuwa ne da sayayya, a aji huɗu na firamare na tsaya. Lokacin da muka tare a sabon gidan shekararta biyu da wata uku, sanyi kuma ya riga ya shigo.

Murhun akwatin ƙarfe ne baƙi, tsayinsa ya kai ƙuguna, da ƙofar gilashi a gaba. Ba a sa masa itace irin wanda na sani. Abin da yake ci wasu 'yan guntaye ne na garin katako da aka matse, tsawon gaɓar yatsa, masu sheƙi kamar abincin kifi. Felet ake ce musu, mu ma haka muke cewa. A buhun leda suke zuwa. Ana ɗaga murfin sama a juye, sai wani murɗaɗɗen ƙarfe irin na cikin injin markaɗe ya riƙa turo su kaɗan-kaɗan suna faɗawa wani ɗan kasko mai huji inda wutar take. Duk bayan ɗan lokaci sai ka ji ƙas, ƙas. Hayaƙin ta bututu yake bi ya fita waje.

Wanda ya zauna kafin mu ya bar buhu shida a gareji, duk sun sha iska, biyu ma a yage. Da su muka fara. Ranar farko da na juye buhu, rana tana shigowa ta taga, na ga ƙura ta tashi ta tsaya a cikin hasken, ta ƙi sauka. Yarinyar tana zaune a kan kafet da cokulanta. Kafin la'asar fiton ya dawo. Na zauna ina kallon murhun ina kallon ta. Kashe shi ba zai yiwu ba, don da safe har tururi ke fita daga bakin mutum a kicin.

Maigidana babbar mota yake tuƙawa, yana fita Litinin ya dawo Asabar. Ranar Lahadi ya shigo da buhu uku ya jingina su a bango.

"Iri uku ne a kantin kayan gona," ya ce. "Na sayo ɗaya-ɗaya. Ki gwada. Wanda kika ce shi zan ɗauko ranar Asabar, buhu hamsin a kan katako guda, kuma in sun sauke ba sa karɓa."

"Ni zan zaɓa?"

"Ke ce a gidan. Ni a mota nake kwana."

"Malam, ban iya karanta abin da ke jiki ba."

"Ni da na iya ai na karanta. Kowanne ya ce shi ya fi kowa kyau."

Ya tafi da asuba. Ya bar ni da buhu uku da sanin cewa duk wanda na nuna, shi yarinyar za ta shaƙa har sanyi ya wuce.

Da hoto na bambanta su. Ɗaya yana da hoton barewa, ɗaya harshen wuta ja, ɗaya koriyar bishiya.

Innarmu gero da dawa take sayarwa a kasuwar garinmu, tun ina ƙarama nake zama kusa da buhunta. Ba ta taɓa sayen hatsi ba tare da ta cusa hannu a buhun har gwiwar hannu ba, don na sama ado ne. Tana damƙa, ta shinshina, ta tauna ƙwaya biyu, ta tofar. Abin da na sani ke nan, shi na yi. Mai barewar ƙamshin shagon kafinta yake yi, da na gartsa sai ya karye ƙwas, bai bar komai a tafin hannuna ba sai ɗan fari. Mai bishiyar ya fi haske, ya fi gajarta, yana marmashewa da farce. Mai wutar duhu ne, yana warin kwalin da ruwa ya taɓa ya bushe, kuma da na zaro hannuna sai na ga kamar na shafa hoda. Amma ko mai barewar, da na ɗaga buhun na duba gindinsa ta ledar, gari ne kwance kusan rabin kwano.

To ƙurar ce damuwata. Na kwana da ita a raina.

Ranar Talata gari ya waye da rana mai kyau, babu iska. Ina dama wa yarinyar koko sai tunanin ya zo min, kuma bai zo min a matsayin wauta ba. Gero in ya yi ƙura, wanke shi ake yi a shanya. Dawa haka, shinkafa haka, wake ma haka. Kowane abu mai ƙwaya da na taɓa riƙewa a rayuwata, ruwa ne ke raba shi da datti. Har na ji haushin kaina da ban tuna da wuri ba.

Na sa wa yarinyar rigar sanyi da hula na zaunar da ita a bakin ƙofar baya. Na fito da babban bahon wanki, na shimfiɗa tsohon zanin gado a kan ciyawa don shanya. Na fara da mai wutar tunda ya fi ƙura, na juye rabin buhu. Ruwan famfon waje ya yi sanyi da yawa, sai na ɗebo mai ɗumi daga kicin a bokiti, na sheƙa. Na cusa hannu na fara cuɗawa.

Da farko komai daidai. Ruwan ya yi ja-ja, ƙurar ta taso sama, na ce Alhamdu lillahi. Na koma ɗebo bokiti na biyu don ɗauraya. Da na dawo sai na tarar ruwan babu shi. Abin ya shanye shi tas ya kumbura kamar an jiƙa garin kwaki, ya ciko bahon, yana tasowa a hankali yana zuba ta gefe. Na damƙa ban sami ƙwaya ko ɗaya ba. Jiƙaƙƙen garin katako ne kawai, da ɗan ɗumi.

Na daɗe a tsaye da bokiti a hannu. Yarinyar ta nuna da yatsa ta ce, "Tuwo."

Akwai wata Anti da muke zumunci da ita tun muna bene, Bahaushiyar zango ce daga Kumasi, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Ita nake kira in abu ya sha min kai. Na kira ta ta bidiyo, na ci sa'a tana hutun cin abinci. Na juya wayar na nuna mata bahon.

"Ke, mene ne wannan? Dambu kike yi wa unguwa?"

"Anti, itacen murhu ne."

"Kika yi masa me?"

"Wanke shi na yi."

Wayar ta faɗi a cinyarta, silin kawai nake gani ina jin dariya. Da ta ɗago tana share ido da gefen ɗankwali.

"Ei, 'yar Najeriya! Tsabta har ta kai nan? Gobe sai ki wanke mana gishiri da sukari. Da sabulu kika sa ko da ruwa zalla?"

"Anti, saboda tarin yarinyar ne."

Sai ta daina dariyar.

"Na sani, ƙanwata. Ki ji. Ko ya bushe kar ki sa shi a murhun, zai toshe miki inji, ki kwana a sanyi ke da 'yar. Ki zubar. Mijinki ya sani?"

"A'a."

"To ni ma ban ga komai ba. Amma dai zan faɗa wa mutum biyu."

Ina cikin tunanin inda zan kai shi sai ga tsohuwar mai gidan ta taho da baro daga wajen dawakai. Ta tsaya ta dubi bahon, ta dubi zanin gadon da na shimfiɗa, ta dube ni. Ba ta yi dariya ba. Ta yi magana mai tsawo, abin da na tsinta a ciki shi ne ruwa, da a'a, da doki. Ta nuna min taɓon da ke bakin shinge inda dawakan ke tattakawa, na gane can take so a zuba. Muka kama bahon tare muka karkata shi cikin baron.

A nan na ga abin. Da garin ya zube, a gindin bahon, ta gefen da muka karkata, wani siririn layi ya rage, baƙi-baƙi. Na sa yatsa na murza. Yashi ne. Ba mai yawa ba, amma yashi ne, da 'yan ɓaraguzan ɓawon itace. Duk wadda ta taɓa rege gero ta san wannan layin, shi ne ke saura a gindin ƙwarya in hatsin ya wuce. Na nuna wa tsohuwar. Ta sa tabarau ta duba, ta murza ita ma, sai ta dunƙule hannunta ta ƙwanƙwasa a kan baron, ta nuna gidanmu. Na fahimce ta. Kullum da safe in na buɗe murhun ina tarar da wani dunƙule mai tauri a cikin kaskon, kamar ƙanzo, ya toshe hujojin. In ya toshe wutar ba ta ci sosai, gilashi ya yi baƙi, da an buɗe ƙofa kuma warin hayaƙi ya shigo falo. Ban taɓa sanin daga ina yake zuwa ba.

Da yarinyar ta yi barcin rana na ɗauko ƙwaryar furata, ita kaɗai ce na zo da ita daga gida. Na auna gwangwanin madara ɗaya daga kowane buhu. Wannan karon na san zai narke, so nake ya narke. Na zuba ruwa da yawa, na bari ya saki, sannan na rege a hankali ina tsiyaye garin a roba. Mai wutar ya sake ba ni yashi, kamar abin da za a ɗiba da yatsa biyu. Mai bishiyar babu yashi, amma da na zuba shi rabi ya tsaya a saman ruwa yana yawo, kamar geron da ƙwari suka cinye cikinsa. Mai barewar ya nutse gaba ɗaya, ya ɗan jima kafin ya saki, ruwansa kalar shayi marar ƙarfi. Gindin ƙwaryar fes. Na sake yi sau biyu don kar ya zama idona ne. Haka ya sake fitowa.

Sauran kwanakin ƙonawa na yi, kowane buhu da ranarsa. Laraba ragowar mai wutar, Alhamis mai bishiyar, Juma'a mai barewar. Kowace safiya ina kashe murhun in jira ya huce, in kai yarinyar ɗaki in kunna mata 'yar hitar lantarki in rufe ƙofa, sannan in kankare kaskon da tsohuwar wuƙa, in kwashe tokar a gwangwani in jera a gareji. Mai wutar zafinsa ya fi, wannan gaskiya ne, har na cire rigar sama. Amma da safe ƙanzonsa ya kai girman ƙwai, sai da na buga shi kafin ya fita, gilashin kuma ba a ganin komai ta cikinsa. Mai bishiyar yana ci da sauri kamar kara, kafin magariba na ƙara sau biyu, tokarsa mai yawa ce marar nauyi, ko numfashi ka yi kusa da ita sai ta tashi. Mai barewar tokarsa ba ta rufe gindin gwangwani da kyau ba, gilashin ya ɗan yi ruwan ƙasa a kusurwa ɗaya kawai.

Garin da ke gindin buhu kuwa, ranar Alhamis na samo masa hanya. Rariyata ta tankaɗen gari idonta ya yi ƙanana, sai na ɗauko kwandon tace taliya. Ina fita bayan gareji, in juya wa iska baya, in tankaɗe kwano-kwano a cikin bokiti. In na shigo ba na juyewa daga sama kamar da. Da kwano nake ɗiba in sauke hannuna har cikin murhun in ajiye a hankali. Yana cin lokaci, yatsuna kuma suna ƙagewa don sanyi. Dawakan suna zuwa bakin shinge su tsaya suna kallona, ina jin sun ɗauka abincinsu ne.

Ita kuma yarinyar, lokacin barcinta na bayan azahar nake auna ta. Ina kwantawa a gefenta in ɗora kunnena a bayanta, dama sannan hagu. Ranar Laraba fiton yana nan a ɓangare biyun, kuma ƙasan wuyanta yana ɗan lotsawa in ta ja iska. Alhamis ya ragu. Juma'a sai da na riƙe nawa numfashin kafin na ji shi, can ƙasa a hagu. Ban san ko canjin buhu ne ko tankaɗen ne ba, tunda kusan tare na fara su. Wataƙila ma maganin ne ya fara kama ta. Ba ni da yarinya ta biyu da zan gwada.

Ranar Juma'a da yamma maigidana ya kira daga hanya.

"Akwai wani abokin aikina ɗan Nijar, shekararsa shida da irin murhun nan. Ya ce mai hoton wutar zan saya, ya fi zafi, shi kowa ke ɗauka."

"Yana da ƙaramin yaro mai tari?"

"Ban tambaye shi ba."

"Akwai yashi a ciki."

"Yashi kuma? A Amurka?"

"Ka dawo ka gani."

"Ke da kika ce ba ki iya karanta buhu ba."

"Har yanzu ban iya ba."

Ina jin ƙarar motoci ta wajensa. Ya ce to, sai ya zo.

Ya iso ranar Asabar da hantsi. Ko takalmi bai cire ba na kai shi gareji. Na nuna masa gwangwanaye uku na toka da dunƙulen ƙanzon da na ajiye a kan takarda. Na rage ɗan mai wutar a leda saboda shi, na rege a gabansa. Ya tsuguna ya laƙato abin da ya rage a gindin ƙwaryar, ya murza, ya kai bakinsa ya ɗan tauna da haƙoran gaba. Na ji gyaras ɗin daga inda nake. Ya tofar.

"Wa ya koya miki jiƙa shi?"

"Haka dai na gwada."

"To ina sauran rabin buhun?"

Na nuna masa bakin shingen dawakai, inda taɓon ya koma ja-ja. Ya daɗe yana kallo.

"Anti ta kira ni tun ranar Laraba," ya ce. "Ta ce in sayo miki igiyar shanya."

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya ɗauki hoton buhun barewar da wayarsa, ya fita. Bayan la'asar motar kantin ta zo ta sauke. Muka jera su a gareji a kan katako, nesa da bango, don kar danshin siminti ya taɓa su. Kafin ya sa hannu a takardar direban na farke buhu ɗaya daga tsakiya na cusa hannu har gwiwar hannu. Direban ya dubi maigidana, shi kuma ya ce masa ya ɗan jira.

Bayan sati uku muka koma asibiti a cikin Greensboro. Yarinyar ta ƙi yarda a ɗaga mata riga sai da aka ba ta abin awon ta riƙe. Likitar ta saurari gaba, ta saurari baya, ta daɗe a hagu, daidai wurin da nake sa kunnena. Na zuba wa fuskarta ido tunda maganar ba zan gane duka ba. Ta tambayi sau nawa yarinyar ta farka da tari a satin, na ɗaga yatsa ɗaya. Ta rubuta.

Maigidana ya fassara min. Fiton bai tafi gaba ɗaya ba, yana nan kaɗan a hagu, amma iska tana shiga har ƙasa. A daina abin shaƙa na yamma, a bar na safe kawai, a dawo in ganye ya fara fitowa. In ta yi mura a kira su, kar a jira. Ta ce duk abin da muke yi a gida mu ci gaba da yi.

"Ki ce mata wani abu mana," in ji shi.

Na ce mata na gode, da turanci, wannan na iya.

A hanyar dawowa yarinyar ta yi barci a kujerarta tun kafin mu fita daga gari, bakinta a rufe. Na juya na dube ta sau uku ko huɗu. Da muka isa babanta ya ɗauke ta ya shiga da ita ciki, ni kuma na zagaya gareji, don ban tankaɗe felet ɗin yamma ba kuma rana ta kusa faɗuwa.